Bin Sawun Ƙwayoyin Cuta Masu Guba a Abinci ta Hanyar Karanta Kundin Gadonsu

A ƙarshen watan Janairun 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da wata ƙa'ida mai lamba 2025/179, wadda ta wajabta wa ƙasashen ƙungiyar cewa idan suna binciken ɓarkewar cutar da ake zargin daga abinci ta taso, sai sun karanta dukkan kundin gadon ƙwayar cutar da suka gano a abincin, ko a jikin dabba, ko a wurin da ake sarrafa abincin, sannan su aika da sakamakon ga EFSA, hukumar da ke kula da ingancin abinci a Turai, mai mazauni a birnin Parma na Italiya. An tsayar da 23 ga Agusta 2026 a matsayin ranar fara aiki da ƙa'idar, kuma ta shafi ƙwayoyin cuta huɗu, Salmonella da Listeria da E. coli da Campylobacter. Amurka ta riga ta koma wannan hanya tun 2019. Ga wanda ba masani ba, labarin yana zuwa da tambayoyi: mene ne ake karantawa, ta yaya ƙwayar cutar da aka samu a cikin mara lafiya za ta nuna gona ko masana'antar da ta fito, kuma har ina za a iya dogara da wannan shaida idan ta kai ga rufe kasuwancin wani?

Ƙwayar cuta daban, gubarta daban

Bakteriya halittu ne masu rai da ido ba ya gani, kuma mafi yawansu ba sa cutar da kowa. E. coli ma, da sunanta ke tayar da hankali a labarai, tana zaune lafiya a hanjin kowane mutum da na shanu da tumaki. Abin da ke raba mai cutarwa da marar cutarwa sau da yawa shi ne iya yin guba, wato wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa wanda ke lalata sassan jiki ko ya rikita aikinsu.

Gubar tana isa jikin mutum ta hanya biyu, kuma bambancin yana da tasiri ga bincike. A hanya ta farko ƙwayar tana hayayyafa a cikin abincin ta zuba gubarta tun kafin a ci. Haka Staphylococcus aureus ke yi a madara da nama da aka bari cikin ɗumi, haka Bacillus cereus ke yi a dafaffiyar shinkafar da ta kwana a waje, haka kuma Clostridium botulinum ke yi a abincin gwangwani da ba a sarrafa da kyau ba, ita da gubarta ke shanye jijiyoyi har ta tsayar da numfashi. Da gubar Staphylococcus amai kan fara cikin sa'o'i kaɗan, don haka mutanen da suka ci abinci ɗaya a wurin biki kan gane tushen matsalar da kansu. A hanya ta biyu ana haɗiye ƙwayar da ranta, ta zauna a hanji, sannan ta fara yin gubar a can. Nan ne kwalara take, nan ne kuma nau'in E. coli mai gubar Shiga yake, gubar da aka sa wa sunan Kiyoshi Shiga, likitan Japan da ya gano ƙwayar cutar atuni a ƙarshen ƙarni na 19. Wannan nau'in yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, wani lokaci har goma, kafin ciwon ciki da zawon jini su bayyana, kuma a wasu marasa lafiya, musamman ƙananan yara, gubar kan fasa jajayen ƙwayoyin jini ta tsayar da aikin ƙoda. Kafin nan an cinye abincin, an wanke kwano, mara lafiya kuma ya manta rabin abin da ya ci a makon da ya wuce.

Abin da ake karantawa

Kowace bakteriya tana ɗauke da umarnin gina kanta a rubuce cikin sinadarin DNA, da haruffa huɗu kacal da masana ke kira A da C da G da T. Dukkan rubutun shi ne kundin gado, wanda a E. coli ya kai kimanin harafi miliyan biyar, kowane yanki kuma da ke ba da umarnin yin wani abu guda shi ake kira ƙwayar gado. Umarnin yin gubar Shiga yana cikin ƙwayoyin gado biyu, stx1 da stx2, kuma na biyun, musamman reshensa stx2a, shi aka fi dangantawa da lalacewar ƙoda.

Akwai wani abu game da waɗannan ƙwayoyin gado da ke bayyana dalilin da ya sa sababbin nau'o'i ke ɓullowa ba zato. Asalinsu ba na bakteriyar ba ne. Wani bairos ne mai kama bakteriya yake ɗauke da su, idan ya shiga E. coli sai ya cusa rubutunsa cikin nata, daga nan ita da zuriyarta su zama masu guba. Haka lamarin yake ga kwalara, domin umarnin gubarta ma a cikin irin wannan bairos yake, kuma akwai Vibrio cholerae, wato ƙwayar kwalara, da yawa a ruwa waɗanda ba su da shi, ba sa kuma haddasa annoba. Saboda haka sanin sunan ƙwaya bai isa ba, sai an duba ko tana ɗauke da umarnin gubar.

Daga raino zuwa karatun kundi

Tsohuwar hanya, wadda har yanzu ba a rabu da ita ba, ita ce raino: a ɗauki samfurin bayan gida ko na abinci, a shuka shi a faranti mai abincin bakteriya, a jira kwana ɗaya ko biyu ta tsiro, sannan a tantance ta da abin da ke bayan fatarta. Daga nan ne sunaye irin su O157:H7 suka samo asali. An fara gane O157:H7, wani nau'in E. coli mai gubar Shiga, a matsayin mai cutar da mutane a 1982 a Amurka, cikin waɗanda suka ci niƙaƙƙen naman shanu da bai dahu ba. A ƙarshen 1992 da farkon 1993 ta kama fiye da mutum 700 a yammacin ƙasar ta hanyar naman gidajen cin abinci na Jack in the Box, yara huɗu suka mutu. Wannan ne ya sa a 1994 aka haramta sayar da niƙaƙƙen naman da ke ɗauke da ita, a 1996 kuma CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta kafa PulseNet, wata hanyar da ɗakunan gwaje-gwaje na jihohi ke kwatanta ƙwayoyin da suka samu. A lokacin ana yanyanka DNA ne gida-gida, a jera gutsattsarin bisa tsawo, a kwatanta zanen da ya fito. Hanyar ta yi aiki fiye da shekara ashirin, amma takan haɗa ƙwayoyin da ba su da kusanci, takan kuma raba waɗanda tushensu ɗaya.

Gwajin PCR, wanda mutane da yawa suka san sunansa lokacin korona, yana neman yanki ɗaya ne takamaimai, kamar stx2, ya ninka shi sau miliyoyi har na'ura ta gan shi, kuma cikin sa'o'i ake samun amsa. Karatun kundi gaba ɗaya kuwa yana fitar da dukkan haruffan, don haka daga gwaji guda ake sanin nau'in ƙwayar, da gubar da take iya yi, da magungunan da ba sa kashe ta, da kuma danginta.

Maganar dangi ita ce ginshiƙin bin sawu. Duk lokacin da bakteriya ta rabu biyu sai ta kwafi kundinta, kuma jefi-jefi ana samun kuskuren harafi ɗaya da zuriya za ta gada. Lamarin ya yi kama da littafin da almajirai ke kwafa da hannu daga malami zuwa malami: idan aka sami kwafi biyu a garuruwa masu nisa suna da tuntuɓen alƙalami iri ɗaya a wurare iri ɗaya, an san daga kwafi guda aka ɗauko su, yawan saɓanin da ke tsakaninsu kuma yana nuna daɗewar rabuwarsu. Idan ƙwayar da aka samu a mara lafiya a wani birni da wadda aka samu a wani birnin sun bambanta da 'yan haruffa cikin miliyan biyar, akwai ƙwaƙƙwaran zato cewa tushensu ɗaya ne kuma na kwanan nan. Da wannan ne a 2015 aka gane cewa marasa lafiya goma da Listeria ta kama a jihohin Amurka huɗu, a warwatse tun daga 2010, suna da alaƙa da askirim na kamfanin Blue Bell, alhali babu wanda ya taɓa ɗaukar su a matsayin ɓarkewa ɗaya.

Jamus, 2011

Babu abin da ya nuna ƙarfin wannan fasaha da iyakarta tare kamar abin da ya faru a arewacin Jamus daga watan Mayun 2011. Asibitocin Hamburg da kewaye sun cika da masu zawon jini da waɗanda ƙodarsu ta tsaya, har na'urorin wankin ƙoda suka yi ƙaranci. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne yawancinsu manya ne, mata sun fi yawa, saɓanin yadda aka saba gani ga yara. Zuwa ƙarshen annobar, Cibiyar Robert Koch ta ƙidaya kimanin mutum 3,800 da suka kamu a Jamus, fiye da 800 daga cikinsu da matsalar ƙoda, 53 kuma suka mutu.

Ƙwayar ba O157:H7 ba ce, O104:H4 ce, wadda da wuya a ci karo da ita a baya, kuma ba ta da ƙwayar gadon eae, wadda gwaje-gwajen lokacin ke nema tare da stx kafin su ce E. coli tana da haɗari sosai. Masana a asibitin jami'ar Hamburg da cibiyar BGI ta birnin Shenzhen a Sin sun karanta kundinta cikin kwana uku, suka sa shi a intanet a farkon watan Yuni don kowa ya duba, masana daga ƙasashe da dama suka yi ta nazarinsa a fili. Abin da ya bayyana shi ne ƙwayar daga wani dangin E. coli take mai manne wa bangon hanji a cunkushe, dangin da aka fi sani da jawo zawo mai daɗewa ga yara a ƙasashe masu tasowa, kuma tana da kusanci da wata da aka taɓa samu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sai dai wannan ta sami bairos mai ɗauke da stx2a, ta kuma sami kariya daga wasu magunguna. Haɗuwar manne wa hanji da guba mai ƙarfi ita ta bayyana tsananin cutar, daga wannan bayani kuma aka tsara gwajin PCR na musamman da ɗakunan gwaje-gwaje suka yi amfani da shi.

Duk da haka kundin bai faɗi abincin da ke ɗauke da ita ba. A ranar 26 ga Mayu hukumomin lafiya na Hamburg sun sanar cewa sun sami E. coli mai guba a kan kokwamba daga Sifaniya. Bayan 'yan kwanaki aka tabbatar ba nau'in da ke kwantar da mutane ba ne, amma ɓarnar ta riga ta auku: manoman Sifaniya sun zubar da amfanin gona, sun ce suna asarar kusan Yuro miliyan 200 a mako, Rasha ta hana shigar da kayan lambu daga Tarayyar Turai, daga baya ƙungiyar ta ware fiye da Yuro miliyan 200 don biyan diyya. An sanar da zargi kafin a kwatanta ƙwayar kokwambar da ta marasa lafiya, kuma wannan gaggawa ita ce kuskuren.

Abin da ya warware lamarin aikin ƙafa ne. Da aka tambayi marasa lafiya abin da suka ci, sun tuna tumatir da latas da kokwamba, kaɗan ne suka tuna tsiron iri da ake barbaɗawa a kan kwaɗon ganye. Sai masu bincike suka koma wani gidan cin abinci a Lübeck inda rukunonin baƙi suka kamu, suka bi takardun oda, suka tambayi mai dafa abinci abin da ke cikin kowane faranti, suka ga cewa duk wanda ya kamu an ba shi tsiron. Takardun saye da sayarwa suka kai su wata gona a Bienenbüttel, a ranar 10 ga Yuni aka sanar da tsiron a matsayin tushen cutar. A cikin watan ne kuma wasu mutane suka kamu kusa da Bordeaux a Faransa, bayan cin tsiron da aka shuka a can, kuma ƙwayarsu ta dace da ta Jamus. A nan ne shaidar gado ta yi babban aiki, domin ta nuna cewa ɓarkewa biyun da ba su haɗa gona ba sun haɗa tushe, EFSA kuma ta bi takardu har zuwa tan 15 na irin hulba da aka shigo da shi daga Masar a 2009. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da irin daga Masar a watan Yuli, Masar ta musanta zargin, kuma har aka gama binciken ba a samu ƙwayar a jikin irin hulbar kansa ba.

Inda shaidar ke iya ruɗarwa

A watan Agustan 2013 kamfanin madara na Fonterra a Niyu Zilan ya sanar cewa tan 38 na wani garin madararsa, wanda ake sa wa a abincin jarirai, na iya ɗauke da Clostridium botulinum. An janye kaya daga kasuwannin Sin da wasu ƙasashe, iyaye suka firgita. Kafin watan ya ƙare ƙarin gwaje-gwaje suka nuna cewa ƙwayar 'yar'uwarta ce, Clostridium sporogenes, wadda ba ta yin gubar. Babu wanda ya yi rashin lafiya, amma a 2017 an umarci Fonterra ya biya kamfanin Danone, wanda ya janye kayansa daga kasuwa saboda sanarwar, diyyar Yuro miliyan 105. A wannan misali neman umarnin gubar kai tsaye shi ne zai raba gardama.

Akwai kuma inda lamarin ke juyawa. A shekarar 2000 fiye da mutum dubu 13 sun kamu da amai da gudawa a yankin Osaka na Japan bayan shan madarar Snow Brand. Ɗaukewar wutar lantarki a masana'antar kamfanin da ke Hokkaido ta bar madara cikin ɗumi, Staphylococcus ta yi guba, zafin sarrafawa ya kashe ƙwayar amma bai lalata gubar ba. A irin wannan hali babu ƙwaya mai rai da za a raina a karanta kundinta, gubar kanta ake nema da gwajin sinadarai. Haka a Chitima ta ƙasar Mozambik a Janairun 2015, inda mutum 75 suka mutu bayan shan wata giyar gargajiya a wurin jana'iza, aka yi ta yaɗa cewa madaciyar kada aka zuba. Sai bayan watanni gwajin sinadarai ya gano wata guba da bakteriyar Burkholderia gladioli ke yi, aka kuma samu ƙwayar a garin masarar da aka yi giyar da shi.

PCR ma yana da nasa rauni. Yana ganin DNA na ƙwayar da ta mutu kamar na mai rai, kuma a samfurin da ke cike da bakteriya iri-iri yana iya samun stx a jikin wata, eae a jikin wata dabam, sakamakon ya fito kamar ƙwaya ɗaya ce mai haɗari. Wata matsalar kuma ta taso daga sauƙin gwajin: asibitoci da yawa a ƙasashe masu arziki sun koma gwajin gaggawa da ke ba likita amsa ba tare da raino ba, alhali masu bin sawu suna buƙatar rainanniyar ƙwaya kafin su karanta kundinta.

Wuraren da ake saɓani

Saɓani na farko a kan abin da doka za ta haramta ne. Amurka ta bi sunaye: bayan O157:H7, a 2012 ta ƙara wasu nau'o'i shida da ba a yarda a same su a niƙaƙƙen naman shanu ba. Masu goyon bayan wannan suna cewa waɗannan nau'o'i su ke haddasa mafi yawan cutar, kuma mai masana'anta yana buƙatar jeri takamaimai da zai gwada. Masu suka suna nuni da cewa O104:H4 ba ta cikin kowane jeri kafin 2011. A 2020 EFSA ta bayyana cewa duk E. coli mai ɗauke da stx tana iya cutar da mutum, wanda ke nufin a dubi ƙwayar gado maimakon suna. Masu sana'ar nama da cuku kuwa suna cewa shanu da yawa suna ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi ba tare da wata alama ba, kuma idan aka zubar da duk abincin da stx ya bayyana a cikinsa, za a yi asara mai yawa a kan nau'o'in da da wuya su kwantar da mutum.

Na biyu shi ne iyakar kusanci. Babu adadin haruffa guda da aka yarda cewa ƙasa da shi ƙwayoyi biyu tushensu ɗaya ne. Wasu dangogin bakteriya suna sauyawa a hankali, har a sami kusan iri ɗaya a gonaki da yawa da suka sayi dabbobi ko iri daga wuri guda, don haka dacewar kundi tana nuna dangantaka, amma ba ta nuna wa ya shafa wa wani. Hukumomin da suka daɗe a aikin suna neman shaida uku su haɗu: bayanin abin da marasa lafiya suka ci, takardun da ke nuna inda abincin ya bi, da dacewar ƙwayar.

Na uku shi ne wa zai ga bayanan. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta shirinta na GenomeTrakr, tana sa kundayen a rumbun da kowa zai iya dubawa, bisa hujjar cewa abinci yana tsallaka iyakoki, kwatance kuma ba ya yiwuwa sai bayanai suna wuri ɗaya. Turai ta fi taƙaita masu gani, don kare kamfanoni daga zargin da bai tabbata ba. Ƙasashe masu tasowa suna da tasu damuwar, wato a yi amfani da bayanan da suka bayar a rufe musu kasuwa, ko a ƙera magani da gwaji da su a sayar musu da tsada.

Kwalara da Afirka

Kwalara ita ce cutar guba da ta fi shafar Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu ta ruwa da abinci, kuma karatun kundi ya sauya fahimtar yadda take yawo. Bayan ta ɓarke a Haiti a Oktoban 2010, ta kashe kimanin mutum dubu goma, kwatanta ƙwayarta da ta Nepal ya nuna kusan iri ɗaya ne, abin da ya ƙarfafa shaidar cewa sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ne suka kai ta. A Disamban 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar a lokacin, ya nemi gafarar mutanen Haiti a madadinta. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017, bisa ƙwayoyi fiye da dubu ɗaya, ya nuna cewa manyan annobar kwalara a Afirka tun 1970 sun samo asali daga shigowar ƙwayar daga Asiya aƙalla sau goma sha ɗaya, kowace shigowa kuma ta yi shekaru tana zagayawa tsakanin ƙasashen yanki ɗaya. Ma'anar haka ita ce ɓarkewar da ake gani a ɓangarori daban-daban na yankin Tafkin Chadi tana iya zama annoba guda da ke bin mutane da fatauci, wadda ƙasa ɗaya ba za ta iya shawo kanta ita kaɗai ba. A 2021 kaɗai NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, ta ba da rahoton fiye da mutum dubu ɗari da ake zargin sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,500 suka mutu, yawancinsu a jihohin arewa.

Afirka ta Kudu ta nuna cewa aikin yana yiwuwa a nahiyar. A annobar Listeria ta 2017 zuwa 2018, wadda ta kama mutum 1,060 ta kashe 216, cibiyar NICD mai kula da cututtuka masu yaɗuwa a ƙasar ta gano cewa mafi yawan marasa lafiya nau'i ɗaya ne ya kama su, rashin lafiyar wasu yara a gidan raino a Soweto ya kai masu bincike ga wani sarrafaffen nama, aka kuma samu nau'in a masana'antar Enterprise da ke Polokwane. A Nijeriya ma akwai na'urorin da ƙwararrun, a cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, da Jami'ar Ibadan, da babban ɗakin gwajin NCDC a Abuja, kuma korona ta ƙara yawansu. Masu ganin a ba fasahar fifiko suna cewa ba tare da ita ba ana yaƙi ne a makance. Masu ganin akasin haka suna cewa inda tushen cutar sananne ne, wato rijiya kusa da masai da rashin ruwan famfo, kuɗin ya fi amfani a ruwa da tsafta. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne giɓin ya fi girma a ƙasa, domin mafi yawan masu gudawa a kantin magani suke tsayawa, ba a ɗaukar samfurinsu, na'ura kuma ba ta karanta abin da ba a kai mata ba.

Abin da zai shafi mutane

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a shekara, yana kashe dubu 420, dubu 137 daga cikinsu a yankin Afirka. Inda ake karanta kundi a kai a kai, mai saye zai riƙa jin sanarwar janye kaya fiye da da, wannan kuma ba ya nufin abinci ya ƙara lalacewa, ana gano ɓarkewar ne tun marasa lafiya ba su da yawa. Ga mara lafiya, sanin nau'in ƙwayar yana iya sauya magani, domin a zawon jinin da E. coli mai gubar Shiga ta haddasa likitoci kan guji wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ke iya tayar da bairos ɗin da ke cikinta ya ƙara yawan gubar. Shan irin waɗannan magunguna kafin a je asibiti kuma yana rage yiwuwar ƙwayar ta tsiro a faranti.

Ga manomi da ɗan kasuwa mai fitar da kaya waje, sauyin ya fi kusa. Riɗin Nijeriya da na Sudan sun daɗe cikin kayan da Tarayyar Turai ke tsananta dubawa a tashoshinta saboda Salmonella. Idan kundayen ƙwayoyin da ake samu a abinci suna taruwa a rumbun EFSA, ana kuma kwatanta su da na marasa lafiya, buhun da aka loda a Jigawa ko Nasarawa zai iya samun alaƙa da mara lafiya a Turai bayan shekara ɗaya ko biyu. Hakan na iya taƙaita zargi ga kaya guda maimakon a rufe wa ƙasa gaba ɗaya ƙofa, amma sai idan akwai takardun da ke nuna daga wace gona, wane sito da wane dillali kowane kaya ya fito. A kasuwar da ake tara amfanin ƙananan manoma da yawa a zuba wuri ɗaya kafin a auna, bin sawun yakan tsaya ne a kan mai fitar da kayan, kuma ƙasar da ba ta da nata kundayen da za ta kwatanta ba ta da hujjar da za ta gabatar idan ta ce ƙwayar ba daga wurinta ta fito ba.